Masu tsara kiɗan fiyano da aka haifa a watan Maris

Uwar ɗaliba, Jidda:
Assalamu alaikum. 'Yata tana koyon fiyano, kuma malamarsu ta shirya ɗan taro a watan Maris inda kowace yarinya za ta kaɗa aikin wani mai tsara kiɗa da aka haifa a watan. An ambata musu Chopin da Bach da Rachmaninoff, amma da muka bincika sai muka tarar wasu littattafai sun kai Rachmaninoff Afrilu, wasu kuma sun mai da Chopin Fabrairu. Ina roƙon wanda ya san lamarin ya warware mana, ya kuma faɗi wanda ya dace da yarinyar da hannunta bai nuna ba tukuna.

Malamin kiɗa, Riyad:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Saɓanin na kalanda ne, abin da mu mazauna nan muka saba da shi, tunda ranar haihuwar mutum ɗaya takan fito da Hijiriyya a wata takarda, da Miladiyya a wata. An haifi Rachmaninoff a 1873, lokacin da Rasha ke kan tsohuwar kalanda wadda ta kasance a baya da kwana 12, don haka ranar 20 ga Maris tasu ita ce 1 ga Afrilu a lissafin yau. Sai a 1918 Rasha ta sauya. Bach an haife shi a Eisenach ta Jamus ranar 21 ga Maris 1685 a tsohon lissafi, wato 31 ga Maris a sabo, saboda haka bai fita watan ba ko ta wace hanya. Matsalar Chopin daban ce: shi da iyalinsa sun riƙe 1 ga Maris 1810, amma rajistar cocin da aka yi masa baftisma ta rubuta 22 ga Fabrairu, kuma yawancin masana sun bi maganar iyalin.

Wani ɗan'uwa, Omdurman:
Malam ya yi bayani mai gamsarwa, sai dai ni ina da ja kan sanya Bach a sahun masu fiyano. Cristofori ya ƙera fiyano a Italiya wajajen 1700, kuma Bach ya taɓa gwada fiyanon da Silbermann, wani maƙerin kayan kiɗa na Jamus, ya ƙera, a fadar Potsdam a 1747, amma ayyukansa da ake kaɗawa a fiyano yau ya rubuta su ne don kayan kiɗa irin su ogan da hafsikod, wanda ke fizgar waya maimakon buga ta da ƙaramar guduma kamar yadda fiyano ke yi. Idan ana son waɗanda babu gardama a kansu, akwai Ravel na Faransa, 7 ga Maris 1875, da Haydn na Ostiriya, 31 ga Maris 1732.

Malamin kiɗa, Riyad:
Gaskiyarka, ɗan'uwa, ko da yake ba a raba ɗalibin fiyano da Bach a yau. Ga yarinyar Hajiya kuwa, Ravel da Rachmaninoff sun yi mata nauyi, musamman na biyun da yake buƙatar faffaɗan tafin hannu. Shawarata ita ce Bartók, mai tsara kiɗa ɗan ƙasar Hungary, wanda aka haifa ranar 25 ga Maris 1881. Ya rubuta Mikrokosmos, gajerun kiɗa 153 a juzu'i shida, kuma na farkon juzu'in ɗaya yatsu biyar ba sa barin mazauninsu, hannayen biyu suna tafiya tare.

Uwar ɗaliba, Jidda:
Allah ya saka muku da alheri. Zan nemi juzu'in farko, in kuma tambayi malamar ko za ta yarda a ƙara Bartók cikin jerin.