Lambar OTP ta tes: a yar da ita ko a gyara mata zama?

Bashir: Assalamu alaikum jama'a. Ga wata magana da na san ba kowa za ta yi wa daɗi ba. Duk ofishin da ke Gusau, ko Ƙaura Namoda, ko Talata Mafara, da har yau ma'aikatansa suke shiga imel da lambar OTP, wato lambar sirri mai amfani sau ɗaya, da ake turowa ta tes, to labule kawai ya rataya, bai sa ƙyaure ba. Lambar nan a layi take zuwa, ba ruwanta da waye ke riƙe da wayar. Wanda ya ƙwace layin ya ƙwace lambar. A watan Agustan 2019 da walkam-bak na ƙarya, wato a maida layin mutum kan sim ɗin ɓarawo, aka shiga shafin Twitter na Jack Dorsey, alhali shi ne shugaban Twitter a lokacin. Shawarata a kashe tes kwata-kwata, kowa ya koma Google Authenticator, manhajar da ke fitar da lambar a cikin wayar kanta, ko makamanciyarta.

Malam Lawali: Wa alaikumus salam Injiniya. Wanga zance naka akwai gaskiya ciki, amma gishiri ya yi yawa. Tun da anka ɗaure layi da NIN a ƙarshen 2020, bisa ƙa'ida ba a yi ma mutum walkam-bak sai an tantance shi da NIN ɗin da ke kan layin. Ban ce ba a iya sayen wani bara-gurbin wakili ba, amma ba ta nan anka fi cin mutane ba a ƙasarmu. Sace waya ne. A fizge ta a tasha ko wurin ɗaurin aure, ɓarawo bai ko damu da makullin fuskar wayar ba, tsinke zai sa ya zaro sim ya tura a 'yar ƙaramar waya mai tocila. Ya danna *565*0# BVN ta fito mai, sauran aikin na USSD ne da tes ɗin banki. Maganin wannan kyauta ne: a sa ma sim PIN. A Android ka shiga saitin tsaro, ka nemi wurin kulle sim, ka kunna, ka canza lambar da kamfani ya sa ta asali zuwa taka. Daga nan duk wayar da anka sa shi sai ta tambayi PIN. Kuskure ukku ya kulle sai da PUK, lambar nan takwas da ke jikin katin da sim ya zo da shi. Kuskure goma a PUK, sim ya mutu har abada. Saboda haka a nemo PUK a aje kafin a taɓa komi.

Bashir: Malam, PIN na kare sim ɗin da ke hannu ne kawai. Tes kuwa ana iya tare shi a hanya. Tsarin SS7 da kamfanonin waya ke magana da juna da shi tsoho ne, an gina shi kan yarda da juna. A 2017 an yi amfani da shi a Jamus an karkatar da tes ɗin banki an kwashe kuɗin mutane. A shekarar ne kuma hukumar NIST ta Amurka ta sa tes cikin hanyoyin da ta ce a taƙaita amfani da su.

Saratu: Yaya Bashir, wanda zai iya shiga SS7 ba albashin ma'aikacin ƙaramar hukuma yake nema ba. Mu sauko ƙasa. Ni dai ina ganin ku biyun kuna jayayya kan kwaɗo, ɓarawo kuwa ta taga yake shiga. Hanyar da ta fi ci yanzu ita ce shafin bogi. A turo maka saƙo cewa an dakatar da imel ɗinka, ka latsa, shafi ya buɗe sak na gaske. Akwai kayan aiki irin su Evilginx da ke zama a tsakiya: duk abin da ka rubuta su miƙa wa shafin gaske nan take, abin da shafin gaske ya tambaya su nuna maka. Ka sa kalmar sirri, ka sa lamba shida, ko daga tes ta zo ko daga manhaja duk ɗaya ne, domin kai da hannunka ka rubuta ta. Shafin gaske ya ba da kukin shiga, wato shaidar cewa an riga an tantance ka, na tsakiya ya riƙe, ya ci gaba da shiga da shi ba tare da an sake tambayarsa komai ba. Daƙiƙa 30 ɗin da lambar manhaja ke yi kafin ta canza, waɗanda ake alfahari da su, sun ishi na'ura sau ɗari.

A tsakanin Yuli da Agustan 2022 an kai irin wannan hari ga kamfanonin fasaha na Twilio da Cloudflare kusan lokaci guda. Twilio an shige ta. A Cloudflare ma wasu ma'aikata sun rubuta kalmar sirrinsu a shafin bogin, amma aka kasa shiga, saboda kowannensu da makullin tsaro na ƙarfe yake shiga. Makulli irin YubiKey, ko passkey, wato makullin shiga da ke ajiye cikin waya, yana duba sunan shafin kafin ya sa hannu. Harafi ɗaya ya sauya a adireshin, ba zai amsa ba, kuma babu wata lamba da mutum zai karanta wa mai kira a waya.

Nura: Anti Saratu ta yi gaskiya, amma ni ta wani ɓangaren nake goyon bayan Injiniya. A bar batun ɓarayi. Tes na buƙatar sabis. A Satumbar 2021 da aka rufe layukan waya a Zamfara baki ɗaya, duk wanda shigarsa ta rataya kan tes ya tsaya cak. Manhaja kuwa ba ta buƙatar sabis ko data. Lokacin da ka ɗauki hoton QR, sirri ɗaya ne aka zuba a wayar, ita da saba, wato kwamfutar da ke riƙe da asusun, kowa na da kwafinsa. Kowanne ya haɗa sirrin da agogo ya lissafo lamba shida, duk daƙiƙa 30 a sake. Ko wayar na yanayin jirgi lambar na fita.

Malam Lawali: To ɗana, lokacin da anka rufe sabis ai data ma ta tafi. Ka samu lamba shida, ina za ka rubuta ta?

Nura: Ofishin da ke da VSAT, wato intanet ta tauraron ɗan adam, yana da intanet a lokacin, Baba. Yanzu kuma tun da Starlink ta shigo Najeriya a farkon 2023 abin ya ƙara fitowa fili: za ka ga wuri da intanet mai ƙarfi a kan rufi, amma sandar sabis ɗaya ce a waya, tana zuwa tana tafiya. Tes ya iso bayan minti goma, lambar ta riga ta mutu.

Murtala: Tunda an ambaci agogo bari in tsaya a nan, domin shi ne ke kunyata masu kafa wannan tsari. In agogon waya da na saba suka saɓa da fiye da minti ɗaya ko makamancin haka, lamba daidai ma za a ce kuskure ce. Yawancin sabobi zagaye ɗaya na daƙiƙa 30 suke yafewa gaba da baya. A waya, a kunna saitin lokaci na atomatik, kar mutum ya gyara agogo da hannu don ya yi daidai da na bangon ofis. A saba kuma matsalar ta fi muni a wurinmu. An ɗauke wuta, inbata ta mutu da dare, batirin CR2032 da ke riƙe agogo a kan madabod ya riga ya sha zafi ya ƙare, na'ura ta tashi tana cewa wata shekara ce can baya. Daga nan babu mai shiga. A sa chrony, manhajar daidaita agogo ta intanet, a buɗe UDP 123 a bangon tsaro zuwa waje, a duba da `chronyc tracking` da `timedatectl`. Batirin ma a canza shi, kuɗinsa bai kai ciwon kan ba.

Ga mai son sa wa SSH, wato hanyar shiga saba daga nesa, wannan lambar a Ubuntu ko Debian: a girka libpam-google-authenticator, kowane mai shiga ya gudanar da `google-authenticator` a asusunsa. Zai ba shi QR da lambobin gaggawa biyar. A /etc/pam.d/sshd a ƙara `auth required pam_google_authenticator.so`. A sshd_config a sa `KbdInteractiveAuthentication yes` da `AuthenticationMethods publickey,keyboard-interactive`. In ba a son ya ƙara tambayar kalmar sirri, a rufe layin `@include common-auth` a fayil ɗin PAM. Don Allah kar a rufe tagar SSH da ake aiki a ciki sai an buɗe ta biyu an gwada. In saba na Birnin Kebbi kai kana Gusau, kuskuren layi ɗaya tafiyar mota ce.

Saratu: Malam Murtala, a SSH ai makulli ma ya wadatar in an kashe shiga da kalmar sirri. OpenSSH tun 8.2 yana karɓar `ed25519-sk`, wato makullin da ke cikin ƙarfen kansa.

Murtala: Haka ne ranki ya daɗe, in akwai kuɗin ƙarfen. Da dala ake sayensa, kuma biyu ake saya wa mutum ɗaya, ɗaya a aljihu ɗaya a akwati.

Malam Lawali: Kun ga inda nike son a zo ke nan. Injiniya ya ce a kashe tes kwata-kwata. Masinja da direba da mai gadi da ƙaramar waya ta maɓalli gare su, mi za su sa? Banki kuma ba ya tambayar ra'ayinka, tes zai turo, in ka matsa ya sai da maka token, 'yar na'urar da ke fitar da lamba. Sannan ranar da wayar mai manhaja ta faɗa rijiya, wa ka buɗe mai imel? Layi kam ana maido shi. Sirrin da ke cikin manhaja in ya tafi ya tafi.

Bashir: Wannan an magance shi, Malam. Tun Afrilun 2023 Google Authenticator na ajiye kwafi a asusun Google. Wanda bai yarda da haka ba ya ɗauki manhajar Aegis, tana fitar da fayil a kulle da kalmar sirri, a aje a filash. Google kuma na ba da lambobin ajiya guda goma, kowacce sau ɗaya take aiki. A buga su a takarda a sa a ambulan.

Saratu: In sirrin na cikin asusun Google, shi kuma asusun Google ana dawo da shi da tes zuwa wancan layin, to an zagaya an dawo gidan jiya. Nan ne kusan kowa ke faɗuwa. A kunna manhaja, a bar lambar waya a wurin dawo da asusu, ɓarawo ya latsa "na manta kalmar sirri" ya bi ta can. In za a yi a yi shi duka: masu riƙe da saba da kuɗi da imel ɗin shugabanni a ba su makulli ko passkey, a cire layi daga hanyar dawowa. Sauran masu Android su koma manhaja. Masu ƙaramar waya a bar musu tes da PIN a sim, a rage abin da asusunsu ke iya taɓawa. Kowa kuma ya kunna PIN na mataki biyu a WhatsApp, ya danna ##002# ya soke duk wata karkatar da kira da aka yaudare shi ya sa, domin lambar WhatsApp ana iya karɓarta ta kira.

Bashir: Na janye "kwata-kwata". Amma mai shiga saba ko asusun albashi da tes, wannan ban janye ba.

Malam Lawali: Ni ma ban ce a bar mai albashi da tes ba. Sai dai ambulan ɗin nan ta lambobi goma, a hannun wa za ta zauna? In a durowar ofis ce da kowa ya san inda makullinta yake, an koma labulen da ka faro da shi.

Murtala: Mutum biyu, akwati mai kwaɗo biyu, a sa hannu a bakin ambulan da kwanan wata. Duk ranar da aka yage ta, a shiga a soke tsofaffin lambobin a buga sababbi kafin a tashi aiki.