Latas ɗin bakin kwata: wanki da gishiri ya isa?

Hajiya Asabe: Salamu alaikum. An turo mini saƙon murya wai ganyen da ake ba ruwan kwata yana ɗauke da dalma, kuma wanki ba ya fitar da ita. Ni dai da gishiri nake wanke latas ɗina.

Baba Sani: Hajiya, ƙyale su. Tun muna yara muke cin wanga ganye, ga mu nan da ranmu. So suke su kashe muna kasuwa.

Malam Bello: Allah shi ba ka haƙuri, Baba. Wanki yana rage ƙura da ƙwayoyin cuta, amma dalma da kadmiyom, wani ƙarfe mai guba irinta, ta saiwa shuka ke shan su, suna cikin ganyen kansa. Tafasawa ma ba ta kawar da su. Kuma latas da alayyafo sun fi tumatir tara su. Ba yau za ka ci gobe ka faɗi ba, taruwa suke a jiki, kadmiyom ta taɓa ƙoda, dalma ta taɓa ƙwaƙwalwar yara.

Nasiru: Kun manta Zamfara a 2010? Yara sama da 400 dalma ta kashe a yankin Anka da Bukkuyum.

Malam Bello: Nasiru, wancan ƙurar dutsen zinari ce da ake niƙawa cikin gidaje, ba ganye ba. Kada mu haɗa.

Baba Sani: To ka ji. Nan ba Kano ba ce da masana'antun fata na Sharada da Challawa masu zubar da ruwan sinadari. Majeman gargajiya da bagaruwa suke jima. Mu kuma a Kwalkwalawa, nan Sakkwato, ruwan gulbin Rima muke ja da inji.

Malam Bello: Wannan na yarda, Baba. Amma bi kwatar da ta ratsa garejin makanikai ka duba: baƙin mai yana kwance saman ruwa, ga ruwan batir da ake tuttulewa, can ƙasa kuma wani ya sa tiyo yana ban ruwa. Shi nake nufi.

Hajiya Asabe: To a kasuwa ya zan bambance? Duk kore shar suke.

Malam Bello: Da ido ba za ki gane ba, Hajiya, na kwatar ma yakan fi ƙiba saboda taki. Sai gwaji, irin na Jami'ar Usmanu Danfodiyo.

Baba Sani: Su zo su ɗebi nawa. Wa zai biya?