Zango da motar kwana a gefen Denver: abin da matafiya suka ce

Da matafiya suka tattauna inda ya fi dacewa a yada zango da mota mai ɗaki kusa da Denver, a jihar Colorado ta Amurka, yawanci garin Golden suka zaɓa, don yana gindin duwatsun Rocky, ga rafin Clear Creek yana ratsa shi. Masu iyali kuwa sun fi son wuraren shaƙatawa na jiha, Cherry Creek da Chatfield, saboda tafki. Sai dai a kama wuri da wuri, domin wuraren jiha tun wata 6 kafin ranar ake fara karɓar rajista.

Zancen tsayi ne aka fi nanatawa, kuma ni ma shi ya fi damuna. Denver kanta tana mita 1,609 sama da teku. A kwana ɗaya ko biyu a gindin duwatsun, a sha ruwa sosai, kafin a hau Trail Ridge Road, hanyar kan duwatsu mai kaiwa mita 3,713, in ba haka ba ciwon kai da haki su kama mutum. A gangaren babbar hanyar I-70 a sa ƙaramin giya, kada a danne birki har ya fara ƙauri.

Da dare sanyi kan daskarar da ruwan tiyon da ke kai wa motar ruwa, a cire shi kafin barci. Abinci kuma a kulle cikin mota, saboda beyar, wata babbar dabbar daji.