Neman shawara: CSI na karkara ko kilinik a cikin Maraɗi?

Assalamu alaikum ƴan uwa. Admin, don Allah a ɓoye sunana.

Ni likita ne, na gama a jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, na yi sarbis sibik (hidimar ƙasa), amma har yau gwamnati ba ta ɗauke ni ba. Gardi, wato aikin kwana, nake kamawa a wata kilinik mai zaman kanta nan cikin Maraɗi, da shi nake riƙe gida. To magajin garin wata komin da ke arewa da Dakoro ya aiko a neme ni. Suna da CSI, wato ƙaramin asibitin gwamnati, mai majo (malamin jinya mai shugabantar wurin) ɗaya da ungozoma ɗaya, likita bai taɓa zama a wurin ba. Komin ce za ta biya ni, kwantaragin shekara ɗaya, kuma albashin bai kai abin da nake samu yanzu ba. Ya ce akwai gida.

Na je na ga wurin, tun daga ranar hankalina bai kwanta ba. Idan jini ya ɓalle wa mai naƙuda sai an ɗauke ta zuwa Dakoro ta cikin rairayi, idan ya fi ƙarfinsu a ƙara kilomita sama da 100 zuwa Maraɗi. Sai dai maiɗakina malamar makaranta ce a nan, mahaifiyata kuma tana fama da hawan jini. Me kuka gani?

Majo mai ritaya: Wa alaikumus salam ɗana. Na yi aiki a karkarar Mayahi da Tasawa har furfura ta fito mini, don haka ka saurara. Ka tafi, amma kada ka tafi a kan maganar baki. Magajin gari yana iya zama mutumin kirki, sai dai kuɗin komin daga harajin kasuwa da na jama'a yake fitowa, shekarar da damina ba ta yi kyau ba kai ma za ka ji a jikinka. A rubuta kwantaragin, shugaban likitocin distirik ya sa hannu, a faɗi ranar biya. Gidan da aka ce akwai, ka shiga ka duba da idonka: ruwa, wutar sola, makewayi. Ka tambayi wa ke zuba wa ambilans mai da dare. Ka kuma riƙe majon wurin da daraja, shi ya san hakimai, ya san rugagen Fulani da zangon Buzaye. Idan ka zo masa da girman kai, kai kaɗai za ka zauna a biro.

Ɗan uwa likita, Zinder: Abokina, ni na yi irin wannan a wata komin. Watannin farko an biya, daga baya sai haƙuri da alkawari, har na koma cin bashi wurin mai shago. Aikin kansa ban taɓa jin daɗin wani kamarsa ba, amma mai iyali ba ya rayuwa da godiya. In ba su yarda su fara ba ka wani abu a hannu ba, ka yi zamanka.

Maman ƴan biyu: Dokta, ni ƴar can yankin ce. Yayata a kan amalanke ta rasu, ana hanyar kai ta asibiti. Ba na ce ka cuci iyalinka ba, amma don Allah ko shekara ɗayar nan ka ba mu.

Malamin lakkol: Hajiya fa? Haƙƙinta yana gaba. Ka fara jin ta bakinta kafin namu.

Babbar yaya, likitar yara: Ƙanena, abin da ke ƙona mini rai shi ne ana cewa babu likitoci, alhali ga irinku nan zaune ba a ɗauka ba. Yamai na yaye su, jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta nan Maraɗi ma tana yayewa. A 2011 an ɗauki ɗaruruwa a lokaci ɗaya, CSI da dama suka ga likita a karon farko, amma da yawa sun koma birni ko sun tafi karatun ƙwarewa, domin ba a tanadi abin da zai riƙe su ba. Ma'aunin da ake kafa hujja da shi na Hukumar Lafiya ta Duniya likita ɗaya ne ga mutum 10,000, karkararmu kuwa ko kusa ba ta kai ba.

In ka tafi, ka shirya wa damina. Daga Yuli zuwa Oktoba zazzaɓin sauro da tamowa za su cika maka ɗaki da yara, wasu jininsu ya ƙare. Tun 2006 jinyar ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ce, amma idan kuɗin da gwamnati ke mayarwa ya makara, kantin magani ne ke bushewa. Ka san wanda za ka kira a Dakoro kafin ka buƙace shi. Ka nemi a rubuta maka ƴan kwanaki kowane wata na zuwa ganin gida, ka kai kwantaragin wurin ƴan SYNPHAMED, ƙungiyar ƙwadago ta likitoci, su duba maka, sannan ka tabbatar zaman can ba zai hana ka ajiye takardunka ba ranar da aka buɗe ɗaukar ma'aikata. Idan kana sha'awar horon tiyata na distirik, wanda ke ba likita damar yin sezariyen, ka faɗa wa shugaban distirik tun ranar farko.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri, iyayena da yayyena. Na zauna da Hajiya jiya da dare, ta ce in je, ƙanwata za ta dawo wurinta ta riƙa auna mata jini. Maiɗakina ta ce sai ta ga gidan tukuna. Ranar Litinin zan kira magajin gari in karanta masa sharuɗɗan Baba Majo. Yaya, in kin ba ni izini zan turo miki kwantaragin ta WhatsApp kafin in sa hannu.

Babbar yaya, likitar yara: Turo, ƙanena. Ka haɗo da hoton gidan da na ambilans ɗin.