Da Tarayyar Sobiyat Na Nan, Da An Taɓa Libiya?

Ɗan Ƙofar Sauri: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ga abin da nake so a tattauna, kuma ina kan bakana: rushewar Tarayyar Sobiyat a Disambar 1991 asara ce babba ga talakan Afirka. Tun daga nan Amurka ta rasa mai ce mata bari. Ta afka wa Iraƙi a 2003 da hujjar makaman ƙare dangi, aka bincike ƙasar kaf ba a same su ba. A 2011 ƙungiyar tsaron ƙasashen yamma ta NATO ta yi wata 7 tana ruwan bama-bamai a Libiya har aka kashe Gaddafi ranar 20 ga Oktoba, aka fasa rumbunan makamansa, suka gangaro ta Agadas, ga mu yau da bindigogi a dajin Rugu na jihar Katsina. Da Mosko ta da tana nan, da hakan bai faru ba.

Malamin tarihi, Daura: Wa alaikumus salam. Ƙanena, a kan Iraƙi ba ni da ja. Amma duba shekarun nan. Ranar 15 ga Afrilun 1986 jiragen Amurka suka kai hari Tarabulus da Bengazi, lokacin Sobiyat na da ranta da makamanta na nukiliya. Abin da ta yi shi ne Allah wadai da soke wata ganawar ministocin harkokin waje. An kashe Lumumba, firaministan Kwango, a Janairun 1961, ba ta iya ceto shi ba, sai sunansa da ta sa wa jami'a a Mosko. An kifar da Shugaba Allende a Chile a 1973 tana gani.

Sannan ƙudurin Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya mai lamba 1973 da ya buɗe wa NATO ƙofar Libiya ranar 17 ga Maris ɗin 2011, ƙasashe 10 suka amince, 5 suka ƙaurace. Rasha ta gaji kujerar Sobiyat, tana da ikon hawa kujerar na-ƙi, ba ta hau ba. Cikin goman da suka ɗaga hannu kuwa har da Najeriya da Afirka ta Kudu da Gabon. Wannan ɓangaren ba a son ambatonsa, alhali da ukun nan sun ƙi, ƙuri'u 7 za su rage, kuma sai da 9 ƙuduri ke wucewa.

Ɗan Ƙofar Sauri: Allah ya gafarta Malam, ai misalinka ni ya taimaka. A 1986 dare ɗaya suka yi suka koma, Gaddafi ya ƙara shekara 25 a kan mulki. A 2011 ba su tsaya ba sai da suka ga gawarsa. Me ya hana su a karon farko?

Malamin tarihi, Daura: Wannan na ba ka. A lokacin akwai iyakar da kowane ɓangare ke tsoron tsallakewa. Sai dai iyakar tana kare gwamnatocin da ke cikin sahu ne, ba ta hana a kashe mutane ba. Yaƙin da manyan biyu suka ƙi yi a Turai, a Angola da Mozambik da Biyetnam aka yi shi.

Tsohon soja, Jibiya: Bari in shigo ta ɓangaren makami. Yaron nan yana da hujjar da bai ma kawo ba. A 1967 da yaƙin basasa ya ɓarke, Amurka ta ƙi sayar wa gwamnatin Gowon makamai, Ingila ta ba da bindigogi da motocin sulke amma ta hana jiragen yaƙi, Faransa kuwa daga baya ta riƙa tallafa wa Biyafara ta Gabon da Kwaddibuwa. A watan Agusta aka sauke jiragen MiG na Sobiyat a filin jirgin Kano, ga L-29 na Chekoslobakiya, matuƙa 'yan Masar suka tuƙa da yawa daga cikinsu. Wannan ba labari ba ne, ya faru.

To amma ɗana, rumbunan Gaddafi da kake magana, wa ya cika su? Mafi yawan kayan daga Sobiyat da ƙasashen gabashin Turai ya saye su a shekarun 1970 da 1980: bindigogin AK da PKM, makamin roka na RPG-7, da harsasai. NATO ce ta fasa ƙofar, wannan laifinta ne kuma ba ƙarami ba, domin ta rusa gwamnati ba tare da ta tanadi mai gadin ma'ajiyar ba. Abin da ke ciki kuwa hajar Mosko ce. Kuma ba duk bindigar da ke Rugu ce ta fito Libiya ba. Akwai wadda aka ƙwace daga jami'an tsaronmu, akwai ƙirar gida, akwai wadda ta biyo ta ruwa.

Injiniya, Ƙofar Ƙaura: Ni a kan masana'antar ƙarfe ta Ajaokuta da ke jihar Kogi zan tsaya, domin nan ne masu begen Sobiyat da masu zaginta duk suke kuskure. An sa hannu da kamfanin Tyazhpromexport na Sobiyat a 1979, Shagari ya aza harsashi a 1980, zangon farko tan miliyan 1.3 na ƙarfe a shekara. Har yau babban tanderun bai narka tama ba. Ana cewa Turawan yamma ne suka yi zagon ƙasa. Gaskiya ne Bankin Duniya bai taɓa son aikin ba. Amma a duba yadda irin wannan masana'anta take aiki.

Tanderun yana cin abu uku: tama, gawayin da aka gasa daga kwal, da farar ƙasa. Tamar Itakpe ƙarfen da ke cikinta kusan kashi 36 cikin 100 ne, tanderu kuwa yana son sama da kashi 60. Ke nan sai an fasa dutsen, an niƙa, an tace, kafin a ɗauko shi. Kwal ɗin Inugu ba ya dunƙulewa idan an gasa shi, don haka bai yi ba. Na Lafiya-Obi yana gasuwa amma toka da kibiritu sun yi masa yawa. Dole a shigo da kwal daga waje ta tashar ruwa, a hau da shi ta layin dogo. Shi kuwa layin Itakpe zuwa Ajaokuta zuwa Warri, an fara shi a 1987, ba a buɗe shi ba sai 2020. Ga kuma abin da mutane ba su sani ba: irin wannan tanderu idan aka kunna shi ba a kashewa, shekaru yake yi yana ci dare da rana. Idan kaya suka yanke, narkakken ƙarfe da ƙazantarsa su daskare a ciki, sai an fasa bulon jikinsa an sake gini. Ba injiniyan da zai yarda a kunna ba tare da an tara kayan watanni ba, kuma an tabbatar da hanyar kawo wasu.

Sobiyat ɗin nan ita ta gina wa Indiya masana'antar Bhilai. An yi yarjejeniya a 1955, a 1959 ƙarfe ya fara fita, har gobe tana aiki, ita ke yi wa jiragen ƙasan Indiya dogo. Masu ginin ɗaya ne. Indiya ta tanadi tama da kwal da layin dogo tare da masana'antar, mu muka gina ciki muka bar baki.

Ba sai mun je Kogi ba ma. Kamfanin mulmula ƙarfe na nan Katsina, Japanawa suka gina shi, an tsara masa tan 210,000 na rodi da waya a shekara, daidai da na Jos da na Oshogbo. Sandunan da zai mulmula daga masana'antar ƙarfe ta Aladja kusa da Warri za su zo, tafiyar sama da kilomita 1,000 a tirela. Aladja kuwa Jamusawa da 'yan Ostiriya suka gina ta. Da ta kasa samar da sanduna, duka ukun suka zauna. Ginin Sobiyat ya tsaya, ginin 'yan yamma ya tsaya, kuma cuta ɗaya ce ta kama su.

Hajiya, Rafindadi: Injiniya, ka yi bayani, amma kada a wanke yamma da sabulun laifinmu. A 1985 aka yi muhawara a faɗin ƙasa kan bashin IMF, jama'a suka ce ba sa so. A 1986 Babangida ya kawo SAP, wato shirin gyaran tattalin arziki, sharuɗɗan IMF ɗin nan dai su ne. Naira da take kusan kai ɗaya da dala ta koma wajen 4 cikin shekara guda. Aka rushe hukumomin sayen amfanin gona, har da ta auduga. Hukumar nan tana da almundahanarta, ba na musu, tana kuma danne wa manomi farashi. Amma ita ke raba iri mai tsabta, ita ke faɗin farashi kafin kaka, ma'aikatanta ke tantance daraja a wurin awo. Da aka cire ta ba a sa komai a gurbinta ba. Iri ya gauraye, aka fara zuba ruwa da yashi don nauyi, aka koma buhun leda wanda zarensa ke shiga cikin kaɗa ya ƙi karɓar rini. Audugar Funtuwa da Malumfashi ta zube a idon masaƙu. A daidai lokacin da ake ce mana tallafi haramun ne, Amurka na biyan manoman audugarta biliyoyin dala. Benin da Burkina Faso da Chadi da Mali sun kai kuka a 2003, Barazil ta kai ƙara Hukumar Ciniki ta Duniya ta kuma yi nasara.

Inda zan saɓa da ƙanena shi ne shekara. SAP ta zo ne Sobiyat na raye. Ba ta ba mu rance ba domin ita ma man fetur take sayarwa, farashi ya faɗi ƙasa da dala 15 a 1986, kuma tun 1972 take sayen hatsi daga Amurka. Abin da muka rasa a 1991 shi ne masayi na biyu. Duk wanda ya kai kaya kasuwa ya san ranar da ɗan kasuwa ɗaya ya zo, shi ke yanka farashi. Nasser ya ci moriyar haka: Amurka ta janye kuɗin madatsar Aswan a Yulin 1956, Mosko ta karɓa, aka gama a 1970 da megawat 2,100.

Alaramma, Daura: Jama'a, ana ta lissafin ƙarfe da auduga, ba wanda ya tambayi Musulmin da suka zauna ƙarƙashin mulkin nan. Ƙasar Imam Bukhari da Imam Tirmizi tana cikin Sobiyat. An rufe dubban masallatai, an ƙwace waƙafi, an kashe malamai an ɗaure wasu a zamanin Stalin. An cire musu rubutun ajami a ƙarshen shekarun 1920, aka ba su na boko, wajen 1940 aka sake canza musu zuwa na Rasha, yaro ya kasa karanta littafin kakansa. Shekaru da dama makarantar Mir Arab ta Bukhara kaɗai aka bari tana yaye limamai a hukumance, sai cibiyar Tashkent da aka ƙara a 1971. Aikin hajji mutane ƙalilan ake bari a shekara. A Fabrairun 1944 aka kwashe Checheniyawa gaba ɗaya a taragon dabbobi zuwa tsakiyar Asiya, a watan Mayu aka yi wa Tatar na Kirimiya haka. Ga kuma yaƙin da Sobiyat ta yi a Afganistan daga Disambar 1979 zuwa Fabrairun 1989. Ɗana, idan jinin Iraƙi yana maka ciwo, kuma ya kamata, to wannan ma jini ne. Har Isra'ila, Sobiyat na cikin na farkon da suka amince da ita a Mayun 1948, makaman da ta yi yaƙin shekarar da su da yawa daga Chekoslobakiya suka zo.

Ɗan Ƙofar Sauri: Allah ya gafarta Alaramma, ban da amsa a kan wannan, kuma ba tsarin gurguzu nake nema mana ba. Amma wa ya ba ƙungiyoyin gwagwarmayar 'yanci na ANC ta Afirka ta Kudu da SWAPO ta Namibiya da MPLA ta Angola makami lokacin da Reagan na Amurka da Thatcher ta Ingila ke ƙin takunkumi kan gwamnatin wariyar launin fata? Sai da majalisar Amurka ta tsallake Reagan a 1986 kafin dokar takunkumin ta wuce.

Malamin tarihi, Daura: Sobiyat da Kuba ne, ba mai ƙwace musu wannan. Ka ƙara da namu. Ranar 11 ga Janairun 1976 a Addis Ababa, Murtala ya yi watsi da wasiƙar Shugaba Ford na Amurka kan Angola a gaban shugabannin Afirka. A 1979 Obasanjo ya ƙwace kadarorin kamfanin man Ingila na BP saboda Rodeshiya (Zimbabuwe a yau) da Afirka ta Kudu. Ba izinin Mosko suka nema ba, ganga kusan miliyan 2 da muke haƙowa a rana ce ta ba su baki. Ka kuma tuna Siad Barre na Somaliya. Abokin Mosko ne na ƙut da ƙut, a 1977 ta bar shi ana tsakiyar yaƙin Ogaden tsakanin Somaliya da Habasha ta koma wajen Mengistu, shugaban Habasha, domin Habasha ta fi girma.

Hajiya, Rafindadi: Abin da ke damuna shi ne tutocin Rasha da yara suka ɗaga a zanga-zangar Agustan 2024 a Kano da wasu garuruwan Arewa. Yunwa ce ta fito da su, na sani. Amma Rashar yau ba ta gina Aswan, makami da sojan haya da alkama take sayarwa. Rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 kuwa, wanda ya tsayar da Jibiya da Kongolam da kasuwar Mai'aduwa har zuwa Maris ɗin 2024, shugabanninmu na ECOWAS ne suka yanke.

Tsohon soja, Jibiya: Hajiya ta kawo mu gida. Sojan Faransa sun bar Nijar a Disambar 2023, Amurka ta bar sansaninta na Agadas a 2024, Rashawa sun shigo, kuma hare-hare ba su tsaya ba a Tilaberi. A Mali, rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce an kashe aƙalla mutum 500 a garin Moura a Maris ɗin 2022, sojan ƙasar tare da fararen fata 'yan waje.

Ga mai sayen makami, tambayoyin ba sa canzawa ko daga wa zai saya. Kayan gyara na shekara nawa ke cikin kwangila? A ina za a buɗe injin idan awoyinsa sun cika? Makanikai nawa za a horar? An ɗaure ka da sharaɗin wurin amfani? Mun sayi MiG-21 daga Sobiyat a tsakiyar shekarun 1970, muka sayi Jaguar daga Ingila a shekarun 1980, duka suka ƙare a ajiye saboda rashin kayan gyara da kuɗin kula. A 2014 Amurka ta hana Isra'ila sayar mana da jirage masu saukar ungulu na Cobra, muka juya ga Rasha muka sayi Mi-35. Jiragen Super Tucano 12 da muka saya daga Amurka a kan kusan dala miliyan 500 sun iso a 2021, aka kai su yaƙin Arewa maso Gabas, aka yi ta ce-ce-ku-ce kan ko sharaɗin cinikin ya yarda a yi amfani da su a dazukanmu. A Nuwambar 2021 ne kotun tarayya ta ayyana 'yan bindiga a matsayin 'yan ta'adda, gwamnati ta buga hukuncin a Janairun 2022.