Sassaƙa wuyan gitar lantarki da kayan hannu

Kafinta, Ringim:
Assalamu alaikum. Wani makaɗi ya ba ni aikin wuyan gitar lantarki, kuma ba ni da injin, sai zarto da gizago da magagari. Shin madaci zai yi, kuma ta ina ya kamata in soma?

Tsohon masassaƙi, Gumel:
Wa alaikumus salam, ɗana. Madaci yana da ƙarfi, amma kada ka taɓa shi sai ya bushe sarai, domin itacen da aka sassaƙa da danshi yakan karkace da zarar hunturu ya kama. Ka ajiye gizago bayan ka rage katakon, saboda sara ɗaya da ya zarce ba shi da gyara.

Mai gyaran gita, Bichi:
Baba ya yi gaskiya. Malam, ka fara huda ramin sandar ƙarfen da ke hana tsirkiyoyi lanƙwasa wuyan tun katakon yana shimfiɗe. Daga nan ka ja layin tsakiya, ka gyara kaurin wurare biyu kawai: kusan milimita 21 kusa da kan gitar, 23 wajen ƙarfe na 12 (cikin ƙananan ƙarafan da ke jere a kan wuyan, inda ake danna tsirkiya). Sai ka haɗe tsakaninsu da magagari, kana cire gefe bayan gefe a miƙe, kafin ka kewaye shi da sanfefa.

Kafinta, Ringim:
Na gode. Tsawon tsirkiya fa?

Mai gyaran gita, Bichi:
Ka auna tsohon wuyan tukuna. A mafi yawan gitocin kamfanin Fender, tsawon sashen tsirkiyar da ke kaɗawa milimita 648 ne, kuma ƙarfe na 12 yana zama daidai rabin wannan, wato 324.