Wai “almajiran” masu sassaƙa a tsohuwar Masar

Mai Tarihi: Haba jama'a! Jiya a majalisa wani ya rantse mini wai aljanu ne suka yi sassaƙe-sassaƙen Masar ta da. To, a Deir el-Medina, ƙauyen masu aikin kaburburan sarakuna kusa da Luxor, an tono dubban ɓallin farin dutse, irin wanda ake siminti da shi, da almajirai suka koyi zane a kan wasunsu. A zana da jan tawada, maigida ya gyara da baƙi, sannan a sa kurfin jan ƙarfe da gudumar itace. Aljani ne za a yi wa gyara?

Alaramma: Janye kalmar nan. Almajiri mai neman Alƙur'ani ne, ba mai sassaƙa gunki ba.

Mai Tarihi: Allah gafarta Malam, mai koyo nake nufi.

Baban Khadija: To ka ce ɗan koyo mana. Ko yaron kafinta ba a ce masa almajiri.

Ummu Yusuf: Wane koyo? Bayi ne, bulala ce malaminsu.

Mai Tarihi: Hajiya, da hatsi ake biyan su duk wata. A shekara ta 29 ta mulkin Ramses na uku har yajin aiki suka yi da aka jinkirta musu. Kuma aikin da lissafi: layuka ake ja a tsaye da kwance su fitar da murabba'ai, zanen mutum a tsaye ya ci murabba'i 18 daga tafin ƙafa zuwa goshi.

Ɗan Auta: Wannan Ramses ɗin ne na Annabi Musa?

Alaramma: Kai yaro, ba a wannan maganar da ka.

Ɗan Auta: Tambaya fa na yi, Malam.

Ummu Yusuf: Kullum haka yake yi wa yara a zauren nan.

Baban Khadija: Ni abin da ke ƙona mini rai sassaƙaƙƙen kan sarauniya Nefertiti ne. A 1912 Jamusawa suka tono shi a shagon masassaƙi Thutmose a Amarna, har yau yana Berlin.

Alaramma: Gunki kake wa kuka?

Admin: Taƙaitawa: Malam ya yi gaskiya, kalmar almajiri ba ta dace ba, kuma mai rubutun bai janye ba. Hajiya a daina tsokana. Batun aljanu kuwa, ba wanda ya kawo hujjar cewa ba su taimaka ba. Na rufe.